Tarihin Joseph Bazalgette, Maginin Magudanan Ruwan Birnin Landan

Ran wata Asabar da muka fita aikin tsabtace makaranta, sai rabon ajinmu ya faɗa kan lambatun nan da ya bi ta bayan ɗakin cin abinci. Duk wanda ya taɓa yashe shi ya san abin da nake nufi. Leda ce da yashi da guntun tuwo, da wani baƙin taɓo wanda ko an wanke hannu da sabulu sai warinsa ya kwana biyu bai fita ba. Muna yi muna gunaguni, kowa yana ganin ba abin da ya kawo shi makaranta ke nan ba. Malaminmu na labarin ƙasa yana tsaye yana jinmu, bai tanka ba. Ran Litinin da ya shigo aji sai ya rubuta wani suna mai wuyar faɗi a allo, ya umurce mu mu je mu binciko ko wane ne mai shi. Abin da na samo shi ne nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labari.

Turawa suna rubuta sunan Joseph Bazalgette, amma a baki Bazaljet ake kiransa, haka kuwa zan riƙa rubutawa don sauƙin mai karatu. Shi dai ba sarki ba ne, ba kuma mayaƙi ba. Injiniya ne, Baturen Ingila, wanda ya ƙare yawancin rayuwarsa a kan irin aikin da muka raina ran Asabar, watau nema wa ruwan sama da ruwan ƙazanta hanyar fita daga gari.

An haife shi ran 28 ga Maris, 1819, a wani gari da ake kira Enfield, arewa da Landan, wanda yanzu birnin ya riga ya haɗiye shi. Kakansa mutumin Faransa ne, tela, ya yi ƙaura zuwa Ingila, Allah ya buɗa masa har ya zama shi ke yi wa Yarima mai jiran gado ɗinki, wanda daga baya ya hau sarauta da sunan George na Huɗu. Ubansa kuwa hafsa ne a rundunar sojan ruwa. Saboda haka yaron bai tashi cikin rashi ba. Sai dai shi ɗan ƙaramin mutum ne, ga shi kuma da ciwon fuka.

A zamanin nan ba a jami'a ake koyon aikin injiniya a Ingila ba, sai dai a kai yaro wurin gwani ya zauna ƙarƙashinsa, kamar yadda ake kai yaro wurin maƙeri ko magini a ƙasarmu. A 1836, yana da shekara 17, aka danƙa shi a hannun wani babban injiniya mai suna John Macneill. A wurinsa ya fara sanin halin ruwa, domin an tura shi arewacin ƙasar Ayalan aikin busar da fadamu don a sami wurin noma. A 1842 ya buɗe ofishin kansa a Landan, a 1845 ya yi aure. Shekarun nan kuwa su ne na haukan jirgin ƙasa a Ingila, kowane mai kuɗi yana so a shimfiɗa masa layin dogo, injiniyoyi ba su da lokacin barci. Bazaljet ya yi ta karɓar aiki dare da rana har jikinsa da hankalinsa suka gaza. A 1847 ya kwanta, tilas ya rufe ofis ya koma ƙauye jinya wajen shekara guda. Wanda ya gan shi a lokacin zai ce tasa ta ƙare tun bai kai talatin ba.

Kafin in ci gaba da labarinsa sai na bayyana yadda Landan take sa'ad da ya komo, domin in ba a san ciwon ba, ba za a ga girman maganin ba.

Birnin yana zaune ne a cikin kwari, kogin Tems ya ratsa ta tsakiyarsa daga yamma zuwa gabas. A 1801 mutanensa wajen miliyan 1 ne, kafin 1851 sun haura miliyan 2. Tun da can kowane gida da salgarsa, yawanci a ƙarƙashin ɗaki, har aka ƙiyasta akwai wajen salga 200,000 a birnin. In ta cika sai a kira masu kwasa da dare, su kai wa manoman bayan gari su yi taki. Akwai kuma tsofaffin magudanai, waɗanda yawancinsu ƙoramu ne aka rufe bisansu da gini, kamar ƙoramar Fleet. Waɗannan don ruwan sama kaɗai aka yi su, har 1815 laifi ne mutum ya zuba najasar gidansa a ciki. To, sai birni ya yi faɗi, gonaki suka yi nisa, aka kuma fara kawo takin kashin tsuntsaye daga Amurka ta Kudu, manoma suka daina sayen na gari. Daɗin daɗawa masu hali suka shiga sa masai irin na zamani mai aiki da ruwa, wanda ke cika salga nan da nan ta tumbatsa. A 1848 gwamnati ta kafa Hukumar Magudanai, ita kuwa ta tilasta a rufe salgogi a haɗa gidaje da magudanan ruwan sama. Magudanan nan duk a kogin Tems suke zubewa, a tsakiyar gari. Daga kogin nan kuma kamfanoni da dama suke jawo ruwan da suke sayar wa mutane su sha.

Akwai wani abu kuma da mu da muke nesa da teku sai an yi mana bayani. Teku tana cika tana janyewa sau biyu kowace rana. In ta cika sai ta turo ruwan Tems ya komo baya, ya hau kusan ƙafa 20 a Landan, in ta janye ya sauka. Saboda haka ƙazantar da ta gangara da safe ita ce za ta komo da rana, ta yi ta kai da kawowa a gaban gidajen mutane. Sa'an nan duk lokacin da kogi ya hau, bakunan magudanai a toshe suke. In aka yi rashin sa'a ruwan sama mai ƙarfi ya sauka a daidai wannan lokaci, ba shi da inda za shi, sai ya komo ta baya ya cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda talakawa ke kwana, musamman a unguwannin kudancin kogi irin su Lambeth, waɗanda suke ƙasa da inda ruwa ke kaiwa in ya cika. Mai karatu ya san ba ruwa zalla ne ke shiga ɗakunan ba.

Sai ga kwalara, watau amai da gudawa. Ta shiga Landan a 1832 ta kashe mutum fiye da 6,000. Ta komo a 1848 zuwa 1849 ta kashe 14,137. Ta sake komowa a 1853 zuwa 1854 ta kashe 10,738. Likitoci da mahukunta na lokacin kusan duka sun ɗauka wari ne ke kawo ta, watau mummunar iskar da ke tashi daga ruɓaɓɓen abu. Don gudun warin ne ma suka sa aka kore najasa daga ƙarƙashin gidaje zuwa kogi, ashe an gudu ne ba a tsira ba. Wani likita, John Snow, ya tsaya a kan cewa ta ruwan sha cutar ke shiga. A 1854 ya bi gida gida a unguwar Soho yana lissafa mamata, ya ga yawancinsu daga famfon rijiya guda suke ɗiban ruwa, ya sa aka cire hannun famfon. Duk da haka manya ba su yarda da shi ba.

Cikin wannan hali ne Bazaljet ya sami aiki a Hukumar Magudanai a 1849, a matsayin mataimakin safiyo. Hukumar ba ta da kuɗi, ba ta da iko sosai, ana ta rushe ta ana sake kafawa. Ta nemi jama'a su kawo shawara, aka aiko da tsari fiye da 100, shi kuwa yana cikin waɗanda suka zauna suka duba su ɗaya bayan ɗaya. Babban injiniyan hukumar, Frank Forster, wahalar aiki da tsangwama suka yi masa yawa, ya ajiye aiki, ya rasu a 1852. Aka ba Bazaljet gurbinsa. Ni dai abin ya ba ni mamaki, mutumin da aiki ya taɓa kwantarwa ya karɓi kujerar da ta ci wanda ya gabace shi. A 1856 sabuwar Hukumar Ayyuka ta Birnin Landan ta fara aiki, ta naɗa shi babban injiniyanta, da goyon bayan Isambard Brunel, wanda ba injiniyan da ya fi shi suna a zamanin. Cikin 'yan watanni ya gabatar da tsarinsa. Amma sai aka shekara biyu ana jefa takardu tsakanin hukumar da wakilin gwamnati mai kula da ayyuka, Benjamin Hall, ana gardama a kan inda za a zubar da ƙazantar da wanda zai biya.

Abin da ya raba gardama shi ne zafin da aka yi a watan Yuni na 1858. Ruwan kogi ya ragu, rana ta dafa taɓon da ya taru a gaɓa, wani ɗoyi ya turnuƙe birnin wanda har yau Turawa suke kiran shekarar da sunansa, watau shekarar Babban Ɗoyi. Sabon ginin Majalisar Dokoki kuwa a bakin kogin yake. Aka jiƙa labulen tagogi da maganin kashe wari, aka yi ta zuba farar ƙasa a ruwa, duk a banza. Wakilai suka riƙa fita daga ɗakunan shawara da hankici a hanci. Benjamin Disraeli, Ministan Kuɗi, ya kawo shirin doka, cikin kwana 18 aka zartar da ita. Aka ba hukumar izinin cin bashin fam miliyan 3, a biya da harajin kwabo uku a kowace fam a kan masu gidaje har shekara 40, aka kuma sakar mata mara ta yi aikinta. A nan sai mutum ya yi tunani. Mutum fiye da 30,000 sun mutu, kuɗi ba su samu ba. Wari ya shiga hancin manya na 'yan makonni, sai ga kuɗi. Shi kuwa John Snow a cikin watan Yunin nan ya rasu, bai ga ranar da aka gaskata shi ba.

Dabarar Bazaljet ba ta da wuyar ganewa. Tsofaffin magudanai suna gangarowa ne daga tudu zuwa kogi. Sai ya ce a gina waɗansu manya a gicciye, daga yamma zuwa gabas, su bi kusa da kogi amma kada su shiga cikinsa, su ratsa ta ƙarƙashin tsofaffin su tare abin da suka ɗauko tun bai kai ruwa ba. A arewacin kogi aka yi uku, ɗaya a tudu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a kwari. A kudu ma aka yi irinsu. Na arewa suka haɗu suka nufi wani wuri da ake kira Beckton, na kudu suka nufi Crossness, duka can gabas bayan gari. A nan aka gina manyan matattara inda ake tsare ƙazantar, sai teku ta fara janyewa a buɗe ƙofa, ruwa ya tafi da ita. Gaskiya ba shi ya fara tunanin haka ba. Wani mai zane, John Martin, ya kawo irin shawarar tun 1834, Forster ma ya zana wani abu mai kama da ita. Shi kansa bai taɓa ɓoye wannan ba. Abin da ya bambanta shi da su, shi ne ya zauna ya yi lissafin kowane mil, ya kuma tsaya har aka gama.

Lissafin nan shi ya fi burge ni. Ya gano in ruwa bai yi gudun mil ɗaya da rabi a sa'a ba, datti zai kwanta ya toshe hanya. Don haka ya sa kowace babbar magudana ta riƙa gangarawa aƙalla ƙafa 2 a kowane mil. Ƙananan kuwa aka gina cikinsu da siffar ƙwai, tsinin yana ƙasa, don ko ruwa kaɗan ne ya matsu a wuri guda ya yi gudu ya wanke hanyarsa. Da a ce lambatun bayan ɗakin cin abincinmu haka aka yi shi, da ba mu sha wahalar da muka sha ba, domin shi gindinsa a baje yake, ruwa yana shiga sai ya kwanta. To, amma magudanar da ta faro daga kwari tana ta gangarawa mil bayan mil, ƙarshenta sai ta nutse ƙasa da kogin da za ta zuba a ciki. Saboda haka ya gina gidajen famfo masu injin tururi a Deptford da Crossness da Abbey Mills da kuma wajen Chelsea, su ɗaga ruwan sama ya sake samun gangare. Na Abbey Mills yana ɗaga shi fiye da ƙafa 30.

Aka fara aiki a 1859. Aka gina manyan magudanai masu tsawon mil 82, da ƙanana na tituna wajen mil 1,100. Jan bulo miliyan 318 aikin ya ci, har bulo ya yi tsada a ƙasar, ladan magina ya tashi. Babu katafila a lokacin, da diga da shebur da baro dubban leburori suka yi yawancin haƙan, wani wuri a ƙarƙashin gidaje da layin dogo. Wata babbar magudana ta kudu faɗin cikinta ya haura ƙafa 11.

Sai maganar siminti. Akwai wanda magina suka saba da shi, akwai kuma wani sabo da ake kira Portland, mai ƙarfi ƙwarai, wanda zama cikin ruwa ba ya lalata shi. Amma ya fi tsada, in kuma aka kuskure wajen gasa shi ko kaɗan sai ya zama na banza, shi ya sa ba a taɓa amincewa da shi a babban aiki irin wannan ba. Bazaljet ya zaɓe shi, ya kuma kafa ƙa'ida. Duk kayan da ɗan kwangila ya kawo sai an ɗebi samfur an kwaɓa, an jiƙa shi cikin ruwa kwanaki, sa'an nan a sa shi a na'ura a ja har ya karye. In bai kai ƙarfin da aka yanka ba, a mayar wa mai shi da kayansa duka. Mataimakinsa John Grant shi ya kula da wannan gwaji. Masu yin siminti da suka ga ba wasa, tilas suka gyara sana'arsu. Shi kansa maigidan yakan duba zanen ayyuka da idonsa, har na ƙananan mahaɗai, ya yi gyara da hannunsa. Wannan ne dalilin da ya sa ginin da aka yi fiye da shekara 150 da suka wuce har yanzu ruwa yana bi ta cikinsa. Bai kuma auna faɗin magudanan da yawan mutanen da ya tarar kaɗai ba, ya bar wuri saboda waɗanda ba a haifa ba tukuna.

Ran 4 ga Afrilu, 1865, Yarima Edward mai jiran gado ya je Crossness ya ta da injuna. A shekara mai zuwa, 1866, kwalara ta komo ta kashe mutum 5,596. Amma da aka duba sai aka ga kusan duk a gabashin birnin ne, inda ba a riga an haɗa da sababbin magudanai ba, inda kuma najasa ta shiga matattarar wani kamfanin ruwa. Jami'in ƙididdigar mamata, William Farr, wanda da yana cikin masu cewa wari ne, ya bi sawun abin ya sallama cewa ruwa ne. Daga nan annobar kwalara ba ta sake kama Landan ba. A 1892 ta kashe fiye da mutum 8,000 a birnin Hambug na Jamus, wanda jiragensa ke zuwa Landan kullum, amma ba ta sami wurin zama ba. Abin dariya a nan shi ne, don korar wari aka ba da kuɗin aikin, a bisa fahimtar da ba daidai ba. Sai ya zamana raba najasa da ruwan sha da aikin ya yi shi ne ainihin maganin.

Akwai ɓangaren aikinsa guda da ido ke gani. Magudanar kwari ta arewa, da an bi hanyar da ta fi sauƙi, sai an farke manyan titunan kasuwancin birnin shekara da shekaru. Maimakon haka sai ya shiga cikin kogin ya gina ganuwa ta dutse, aka cike bayanta da ƙasa. A cikin cikon aka sa magudanar, aka sa layin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, a bisa kuma aka shimfiɗa titi da lambuna. Ita ce gaɓar Victoria, wadda aka buɗe a 1870. Aka yi gaɓar Albert a kudu don ta tsare Lambeth daga ambaliya, aka yi ta Chelsea a 1874. Duka aka ƙwato eka 52 daga kogi. Da kogin ya matsu sai ya ƙara gudu, ya daina barin taɓo a gaɓa. Sai dai masu ƙananan tashoshin jiragen ruwa da masu sana'a a bakin kogi da yawa sun rasa wurin neman abincinsu. Sarauniya Victoria ta ba shi lambar girma ta Sir, a 1875 kuma aka kammala manyan magudanai.

Ba zan ɓoye inda ya gaza ba. Tsarinsa bai tace ƙazanta ba, kawar da ita kawai ya yi daga ƙofar masu birni zuwa ƙofar mutanen gabas. Masunta da mazauna wajen sun yi ta kuka, shi da hukumarsa suna musun cewa akwai wata ɓarna. Ran 3 ga Satumba, 1878, da maraice, wani jirgin ruwa mai suna Princess Alice yana komowa cike da masu yawon shan iska, sai wani jirgin dakon kwal ya sare shi biyu, kusa da Beckton. Cikin 'yan mintoci ya nutse. Ba a daɗe ba kuwa da buɗe ƙofofin matattara, saboda haka cikin najasa tsantsa mutane suka faɗa. Fiye da mutum 600 suka hallaka, waɗansu ma bayan an tsamo su da rai. Ba shi ya haddasa karon ba, amma abin ya tona abin da ake musu. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a 1882, ya yanke cewa zuba ɗanyar najasa a kogi ba shi da hujja. Tilas Bazaljet, yana tsufa, ya koma ya gina wuraren da ake tsare ruwan har dattin ya kwanta, a loda shi a jirage a kai teku a zubar. Jirgi na farko, a 1887, sunansa aka sa masa. Ban sani ba ko ya ɗauki wannan girmamawa ce. An ci gaba da zubarwa a teku har 1998.

Sauran ayyukansa ba zan tsaya a kansu ba. Ya gina gadojin Putney da Hammersmith da Battersea, ya fasa sababbin tituna a tsakiyar birni, ya shugabanci ƙungiyar injiniyoyin ƙasarsa. A 1889 aka rushe Hukumar Ayyuka bayan an kama waɗansu ma'aikatanta da cin hanci. Shi dai ba a same shi da kome ba, ko da yake miliyoyin fam sun bi ta hannunsa shekara 33. Ya yi ritaya a shekarar, ya rasu a gidansa da ke Wimbledon ran 15 ga Maris, 1891, saura kwana 13 ya cika shekara 72. A 1901 aka kafa ɗan gunkin tunawa da shi a jikin ganuwar gaɓar Victoria.

Ganuwarsa ba ta hana kogi iyakarsa ba. A watan Janairu na 1928 ruwa ya haura ta da tsakar dare, mutum 14 suka mutu, yawancinsu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Sai a 1984 aka buɗe wata babbar madatsa mai ƙofofin ƙarfe a gabashin birnin, wadda ake rufewa in teku ta yi barazana.

Amma babbar matsalar da ya bari ita ce ta ruwan sama. Hanya guda ya yi wa ruwan sama da najasa, domin raba su yana bukatar a haƙa wa kowane gida magudana biyu. Ya auna magudanan su iya ɗaukar ruwan sama rubu'in inci a yini, in ya wuce haka ya bar kafofi inda rarar za ta tsallake ta zuba a kogi, don kada ta koma gidajen mutane. A zamaninsa wannan dabara ce mai kyau, gama mutanen ba su kai miliyan 3 ba, ga filaye da lambuna suna shanye ruwa. Yau mutanen Landan wajen miliyan 9 ne, an shafe filayen da kwalta da kankare, har ƙofar gida an daɓe don ajiye mota. Ruwan da ƙasa take sha da, yanzu duk magudana yake nufa a guje. Aka kai ga ɗan yayyafi ma yakan sa kafofin nan su yi amai, miliyoyin tan na ƙazanta suna shiga Tems kowace shekara. Saboda haka daga 2016 zuwa 2025 aka haƙa wani ƙaton rami a ƙarƙashin kogin, tsawonsa wajen mil 16, faɗinsa wajen ƙafa 24, a kan kuɗi fiye da fam biliyan 4, don ya tare rarar ya kai ta Beckton a tace. Kamfanin da ya yi aikin sunan Bazaljet ya ɗauka.

Ramin nan kogi yake karewa, ba tituna ba. A watan Yuli na 2021 ruwan sama ya sauka da ƙarfi sau biyu, ya cika tituna da gidaje da tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, har asibitoci biyu a gabashin birnin suka roƙi marasa lafiya su nufi wani wuri. Injiniyoyin yanzu sun gane ba a iya yin magudanar da za ta haɗiye kowane ruwa. Abin da suka koma yi shi ne rage wa ruwan gudu tun daga inda ya sauka. Suna fasa daɓe su sa irin wanda ruwa ke ratsawa, suna yin 'yan lambuna masu kwari a gefen titi, suna shuka ciyawa a kan rufin gini, suna haƙa tafkuna inda ruwa zai tsaya ya nutse a hankali.

Da na karanta wannan sai na tuna da kududdufan garuruwanmu. Kakanninmu sun haƙa su ne don ɗiban ƙasar gini, amma su ne ke karɓar ruwan indararo da na rariyar unguwa duk damina. Na san matattarar sauro ce, na kuma san mu muka mai da su juji. Na unguwarmu bara aka cike shi aka gina shaguna a kai. Da na je hutu a watan Agusta, aka yi ruwan dare guda, ya shigo zaurenmu har gwiwa, ni da ƙannena muka kwana muna kwarfa da kwanonin tuwo.